Jan Zare a Sitiyari

Har yau in na tsuguna gaban mota na zura hannu bayan taya na ji ta cinye ta ciki, sai raina ya ɓaci, ko motar ta wane ce. Matata ta ce wannan ciwo ne. Na yarda ciwo ne, kuma na san inda na kamu da shi: Kuala Lumpur, lokacin da nake digiri na biyu a fannin injiniyan motoci, ina zaune a wani ɗan falat a Taman Melati.

Mahaifina mai alaimen ne a Kano, wato mai saita ƙafafun mota su tsaya daidai. Ba shi da na'ura, zare ne da ido da sifana biyu. Mutum ne mai zafin kai. In ya ga mota za ta kashe mutum, mai ita kuma ya ce zai dawo gobe, sai ya kwance taya ɗaya ya mirgina ta cikin shago ya zauna a kai. Ka yi zagi, ka kira ɗan sanda, ba zai tashi ba sai an gyara. Ina ƙarami kunyar wannan hali nasa nake ji.

A Setapak na sami garejin wani tsoho ɗan China, inda masu motocin tsere ke kai nasu. Na je ne auna cinyewar taya saboda bincikena, sai na ga shi ma, duk da na'urar da ke gefe, zare yake ja daga gaban mota zuwa bayanta kamar babana. Daga nan na maƙale. Duk ranar da ba ni da lacca ina can, har ya fara miƙo min sifana. Ankul muke ce masa.

A wurinsa na koyi cewa mota ɗaya saiti biyu gare ta. A na titi, taya tana tsayawa kusan a miƙe, duk faɗinta ya taka kwalta. A na filin tsere kuwa sai a kwantar da saman tayoyin ciki, ƙasansu ya fito waje, motar ta tsaya kamar mai gwame, a kuma ɗan buɗe bakin na gaba. A fili, in ka shiga kwana da gudu nauyi ya danne ta, sai tayar ta zauna daram, motar ta bi hannunka tun ba ka gama juya sitiyari ba. Amma ka fito da ita haka kan titi, a gefen ciki kawai take tafiya. Can take cinyewa, inda ido ba ya kaiwa, waje kuma fes. Duk tsagin da ta samu a titi sai ta bi shi. In ruwa ya sauko kuwa, sai addu'a.

Shi ya sa Ankul yake da doka. Duk motar da ya yi wa saitin fili ranar Juma'a, sai ya ɗaura mata jan zare a saman sitiyari. Ka je filin tsere na Sepang ranar Asabar ka yi haukarka, Litinin ka dawo a mayar da saitin titi, shi da hannunsa zai kwance zaren. Duk wanda ya shiga motar ya ga zare zai tambaya, tambayar kuwa ita ake so.

Akwai wani Alhaji da babana ya daɗe yana yi wa motocinsa aiki, shi ne ma ya tsaya min har na sami gurbin karatun. Da ɗansa ya zo wata kwaleji mai zaman kanta, ya bugo min waya ya ce, "Ga ƙaninka nan, amana." Ɗan nasa ba mugu ba ne. Hannunsa a sake yake, kowa nasa ne. Magana ce kawai ba ta zama a kansa. Bai daɗe da zuwa ba ya sayi wata baƙar mota 'yar Japan, ta hannu, mai ƙofa biyu. Ubansa bai sani ba. Ni na sani na yi shiru, na ce wa kaina gara ya yi gudun a fili da hular kwano a kansa da ya yi shi a titi. Ni na kai shi wurin Ankul. Ni na shiga ƙarƙashin motar na juya tarod, ƙarfen saita taya, da hannuna.

Sau biyu ya dawo da ita ranar Litinin. Na uku sai shiru. Ashe tsayuwar motar ce ta burge shi, abokansa na zagaye ta suna ɗaukar hoto. Zaren kuma, wata rana suna shan shayi a kedai mamak, shagon mai shayin can, wani ya leƙa motar ya ce, "Kai, laya ka ɗaura mata?" Aka tuntsire da dariya. Don kada a ce ɗan gayu yana da camfi, ya sa farce ya tsinke shi. Na buga waya har na gaji. Kullum "Monday, Yaya." Wata biyu kenan, har azumi ya kama ya yi nisa.

Ranar wata Alhamis bayan La'asar na tarar da motar a gindin gidajenmu. Na tsuguna na shafa cikin tayar baya, waya ta soke ni a yatsa. Robar ta ƙare, har ƙarfen ciki ya fito. Ina nan tsugune ya sauko yana kaɗa makulli.

Na ce, "Zo ka taɓa nan."

Ya ce, "Haba Yaya, relax lah. Dubi tayar, brand new ce."

"Ba waje na ce ka duba ba. Ina zaren?"

"Wallahi guys ne suka dame ni. Monday zan kai ta, I promise. Boleh? Ka yarda?"

Na miƙe cike da haushi, jini a yatsana, azumi a bakina. Makullin na nan a hannunsa, taku ɗaya tsakaninmu. Jak ɗin motar na cikin but, na san inda yake. Amma sai na tuna ɗan wa nake magana da shi, na ce ina ni ina ƙwace wa ɗan Alhaji makulli a gaban mutane. Na yi masa faɗa mai yawa, na ce kada ya kuskura ya hau babban titi, na haye sama. Faɗan nan kuwa ko tayar bai taɓa ba.

Maƙwabcina wani Malam ne mai digiri na uku, mutum mai sanyi, da matarsa da 'yarsu mai shekara biyar. Ranar Asabar ya shirya kai su Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen kayan sallah, tsohuwar motarsa ta ƙi tashi. Ɗan Alhaji ya gan shi tsaye da bonet a buɗe, ya jefa masa makulli. Haka muke a can, ba a hana ɗan'uwa mota. Mai ba da aro ba ya faɗin aibin abinsa, mai karɓa kuma ba ya dubawa, sai a ce ya raina. Da zaren na nan da Malam ya tambaya. Babu zare.

Suna dawowa wajen ƙarfe huɗu aka tsuge da ruwa irin na garin, wanda ba ka ganin motar gabanka. A kan wata gada mai lanƙwasa bayan motar ya zame, ta juya sau ɗaya ta daki simintin gefe. Malam ya tsira da ƙwarzane, matarsa ta fashe a goshi. Yarinyar tana baya riƙe da ledar sabuwar rigarta, hannunta ya karye.

Na isa asibiti na tarar da mutanenmu cike da baranda, ana ta Allah ya kiyaye gaba, ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara. Abin da ya ƙona ni shi ne Malam. Yana tsaye gaban ɗan Alhaji, riga duk laka, ya riƙe masa hannu biyu yana cewa, "Ka yi haƙuri, na ɓata maka mota. Ban iya irin waɗannan ba, hannuna ne." Shi kuma gogan ya sunkuyar da kai yana cewa, "Ba komai Malam, it's okay." Ba komai! Mutumin da 'yarsa ke ciki ana ɗora mata hannu shi ke ba da haƙuri, wanda ya tsinke zare yana karɓa.

Ban san lokacin da na daka tsawa ba. Na ce, "Malam, saki hannunsa! Ba hannunka ba ne. Ko wa ya tuƙa ta yau da ta juya da shi. Tayar ta ƙare ta ciki, shi ya sani, ni ma na sani, na taɓa ta shekaranjiya." Wata nas ta leƙo ta ce mu rage murya. Malam ya dube ni, ba ɗan Alhaji ya duba ba, ni ya duba, ya ce, "Ka sani, Injiniya?" Na ce na sani. Ya juya ya koma wurin 'yarsa.

Litinin aka jawo motar garejin Ankul. Ga Litinin ɗin ta zo. Tsohon ya zagaye ta, ya shafa tayoyin, ya buɗe wurin zuba tokar sigari ya zaro guntun jan zaren ya ajiye min a tafin hannu. Bai zage ni ba, ni kuwa da zagin ya fi min.

Ranar sallah na ga yarinyar a filin idi. An farke hannun sabuwar rigar har kafaɗa don filasta ta shiga. Da na koma ɗaki na kira Alhaji, na yi masa barka da sallah, na faɗa masa komai daga sayen motar har asibiti. Ya saurara bai katse ni ba.

Ya ce, "Kai ka san da motar tun farko?"

Na ce, "Ni na saita ta, Alhaji."

"Ka kuma ga tayar?"

"Na gani. Nauyinka na ji."

Sannan ya ce, "Ubanka ya taɓa zaunar da ni a bencinsa tun hantsi har Azahar, yana zaune a kan tayata. Shi ya sa na ba ka ɗana."