Iddar da Na Yi a Ɗakina

Da mijina ya yi mini saki ɗaya, Baba ya aiko daga Toranke cewa kada in kuskura in fita, a ɗakina zan yi idda. Haka na zauna a gidan nan na Gaya, ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba.

Zama ya gagare ni. In share tsakar gida, in sake sharewa. In ƙulle kayana, in kwance. Abin haushin, da na jiyo ƙarar babur ɗinsa, sai in ga har na miƙe na ɗebo masa ruwa a randa. Goggona ta ce in riƙa sa kwalli ko ya mayar da ni. Na ce Allah ya kiyaye, kuma na sa.

Rannan da la'asar na ajiye masa dambu. Ya ɗago ya ce, "Sannu da aiki, an gode." Duk zamanmu bai taɓa ce mini haka ba, baƙi yake gaya wa. Na koma ɗaki na ƙulle kayan, ban sake kwancewa ba.