Kiɗan da Muka Kori Tsuntsaye da Shi

Kaset ɗin na abokina ne, malamin lissafi, lokacin da muke koyarwa a wata sakandare kusa da Malumfashi. Wani direba mai kai auduga kudu ne ya bar masa. A jikin kwalin akwai Turawa biyar, gashi har kafaɗa, sun ɗaure fuska kamar masu tsaron jarrabawa. Da ya kunna, na ce wannan ai injin niƙa ne ya kama da wuta. Ya ce in bar jitar in saurari mai gangar, ba ya kuskuren lissafi. Kafin hutu na haddace waƙoƙin, ni da nake koyar da adabi, nake kuma ganin na fi ƙarfin hayaniya.

Tun daga nan muke bin labarinsu, da farko a tsofaffin mujallun da ake zubewa a ƙasa a kasuwar Funtua. Mawaƙin ya yi fushi ya fita, suka ɗauko wani, muka ƙi shi kamar yadda ake ƙin sabon shugaban makaranta, sannan na farkon ya dawo. Da mai jitarsu ya rasu, mun yi wa juna gaisuwa a ɗakin malamai, ba wanda ya san dalili.

Da abokina ya yi ritaya, sai ya koma Dayi ya kama noma. Wata kaka tsuntsayen jan-baki suka sauka a gonar dawarsa. Ya rataye rediyo a kan bishiyar tsakiyar gona, ya saki kaset. Kwana biyu tsuntsu bai sauka ba, har maƙwabta suna neman aro. Rana ta uku suka dawo, ana kiɗa suna ci. Ya ce ai sun fi ni saurin fahimta, ni sai da na yi sati kafin kiɗan ya shiga raina. Zafin ranar wannan kaka ne ya narkar da kaset ɗin.

Bana 'yata ta nuna min a waya cewa Turawan kaset ɗin sun yi wasan bankwana. Gashin ya yi fari, na wasu ma ya tafi gaba ɗaya. Na ari ƙaramar lasifikarta, na shiga mota zuwa Dayi. Matar abokina ta tare ni a bakin zaure, bayan gaisuwa ta ce kunnensa ya tafi, ko salla sai ya ga mutane sun tashi. Abin da nake tsoro ke nan tun a hanya. In ya kasa ji, ba sauran wanda zan saurara da shi.

Na kunna masa wata waƙa daga wasan. Ya dubi bakina, ya dubi wayar, bai ji komai ba. Sai ya ɗauki lasifikar ya manna a ƙirji, ya rufe ido. Can ƙafarsa ta fara bugun tabarma, daidai da ganga.

"Malam," in ji shi da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa, "sun rage gudu."

Na ce mu ma haka. Bai ji ba. Da waƙar ta ƙare na sake kunna masa, na kuma sakewa, har aka kira la'asar na taɓa kafaɗarsa.