Rigar Metir a Shingen Sojoji

Lokacin boren sojoji ne, na biyu ko na uku, na daina ƙirgawa. 'Yata tana wata bakwai, kwana biyu jikinta zafi rau, ga amai. Mijina ya maƙale can bakin kogi da kayan shagonsa, ni kaɗai ce a ɗakinmu na unguwar Yakité. Asibitin da ya rage a buɗe yana gaba da shingen da sojojin bore suka kafa a ƙarshen Titin Koudoukou, kuma ana cewa duk wanda ya fito daga yankinmu na Kilomita Biyar sai ya nuna shi ɗan ƙasa ne. Ni kuwa ko uwata ba ta taɓa ganin takardar haihuwata ba.

Sai na tafi wurin kawun mijina. Lauya ne, Metir kowa ke ce masa, har matarsa. Shi ne shugaban kwamitin zaman lafiya, da na yashe kwata, da na iyayen 'yan makaranta. Kotu a rufe take tun harbin farko, amma kullum sai an goge masa baƙar rigar nan mai farin ƙyalle a wuya, an rataye a zaure inda masu zuwa masallaci za su gani.

"Kawu, yarinyar nan ta ƙi kama nono."

"Kwantar da hankalinki, 'yata. Doka tana bayanki."

"Doka tana da mota, Kawu?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ya jawo tafireta ya hau buga takarda da Faransanci, shafi uku, ya buga hatimi, ya hura masa iska. Ni dai maɗigar yarinyar nake kallo, ta faɗa ciki. Sannan ya zura rigar, muka kama hanya a ƙafa, yana gaba kamar mai jan salla.

A shingen ya ɗaga yatsa ya soma jawabi. Wani soja sanye da silifas ya dubi rigar sama da ƙasa, ya ƙwala wa 'yan uwansa kira: ga alƙalin gwamnati ya kawo kansa! Gwamnatin kuwa ita suke wa bore. Nan take suka zaunar da Metir kan benci, yana ta cewa shi lauya ne, lauya daban, alƙali daban.

Ana cikin haka yarinyar ta kwara min amai a baya. Na sauko da ita, ina lallashinta da Sango, yaren 'yan ƙasa, yadda uwata ke yi mana. Wani soja mai furfura ya ji yaren, ya matso ya taɓa goshinta.

"Mama, me kike jira? Yi gudu mana!"

Ban ma tsaya yi masa godiya ba.

A asibiti aka yi mata ƙarin ruwa, wajen la'asar ta kama nono. Da na dawo na tarar da Kawu a kan bencin nan, an kawo masa tebur da shayi, sojoji sun kewaye shi yana rubuta musu kokensu ga gwamnati, yana tsawata wa mai silifas kada ya katse shi.

Ranar Juma'a, bayan salla, ya sanar wa jama'a cewa kwamiti ya tattauna da sojoji, an buɗe wa mata masu jego hanya. Aka yi ta sa masa albarka, cikin satin aka ƙara masa shugabancin wani kwamitin. Mijina da ya dawo ya ce lalle mu je mu yi wa Kawu godiya. Na goya yarinyar muka je, ta yini tana jan gemunsa.