Gemun Lyall a Kan Ƙugiya

A ƙauyen bakin tafki da ke saman Bothwell, can kan tudun tsakiyar Tasmania, hunturu ba da dusar ƙanƙara yake farawa ba. Ranar da aka rufe kamun kifi a ƙarshen Afrilu yake farawa. Masu ɗakunan hutu su kulle ƙofofinsu su gangara birni, a bar tafkin da iska da tsirarun mutanen da ba su da wani gida sai nan. Kafin a sake buɗewa a farkon Agusta, kowa sai ya samo abin da zai hana shi zarewa. Lyall Dransfield, tsohon direban motar katako, yakan kankare fentin kwalekwalensa ya sake shafa wani, ko da na bara bai dushe ba. Wasu kan ajiye bokiti a kan ƙanƙara su yi ta jefa masa zaren fatsa ba ƙugiya, suna musun wa ya fi saiti.

Noelene Triffitt kuwa ƙwari take ɗaurawa.

A wurin mutanen nan abin kunya ne a kama kifin tirawut da tana. Ƙaramar ƙugiya ake ɗauka, a naɗe ta da zare da ɗan gashin dabba da na tsuntsu, har ta yi kama da ƙwaron da ke sauka a kan ruwa. Gwaggonta ce ta koya mata tun tana yarinya a gonar tumaki. Da ta girma ta zama direbar motar 'yan makaranta, ta shekara da shekaru tana bin hanya guda safe da yamma, idonta ɗaya a kan kwalta, ɗaya a gefen titi inda motocin dare ke barin mushen dabbobin daji irin su walabi da fosam a kwance. In ta sauke yara sai ta dawo da wuƙa da leda. Mijinta Athol, wanda ko kallon kwalekwale kan sa shi jiri, yakan ce shi kaɗai ne a gundumar aka taɓa ba shi jelar mushe a matsayin tsaraba. Bayan rasuwarsa ta tattara ta dawo ɗakinsu na bakin tafki gaba ɗaya, da akwatin katakon da ta cika da abin da ta tara tsawon rayuwarta.

Doka ɗaya ce a kan akwatin, kuma duk mai ɗaurin ƙwari ya san ta. Abin da ya fito daga titi ba ya shiga sai ya daɗe a firiza, a fito da shi ya huce, a sake mayar da shi, don ƙwan asu, ƙwaron nan mai cin gashi, ya mutu.

A makon ƙarshe na kamun kifin bana santsi ya kwashe ta a bakin ruwa, wuyan hannunta na dama ya karye. Ta yi jinya a Hobart wajen 'yarta Kerryn, mai aiki a kantin magani. Da aka kwance ɗaurin, yatsun sun sandare kamar ba nata ba. Duk da haka ta ce gida za ta tafi.

"Zan hawo wurinki tsakiyar Yuli," in ji Kerryn tana sa mata jaka a mota. "In na tarar da ke zaune kina kallon bango kamar shekarar da Baba ya rasu, ko hannun nan bai iya aikin komai, tare za mu sauko. Kuma ba na hunturu kaɗai nake nufi ba, Mama."

"Ina da aikin yi."

"Haka kika ce wancan karon."

Noelene ta san gaskiya ne, ta shiga mota.

Ta tarar da ɗakin da ɗumi. Lyall ta bar wa makulli, kullum yana kunna murhun itace kada bututun ruwa ya daskare ya fashe. Yana tsaye a bakin ƙofa yana shafa dogon gemunsa mai furfura, yana murmushin mutumin da ya ɓoye abin alheri.

"Buɗe akwatinki, Noels."

Ta ɗaga murfin da hannun hagu. Wasu 'yan ƙwari masu launin ƙasa suka tashi suka nufi taga. A sama akwai fatar da ba ta sani ba, duk ta zama faci-faci. Ta ɗaga ta. Gashin wuyan zakaran da gwaggonta ta bar mata ya zama tsinke, jelar walabi ta zama igiya, ƙasan akwatin cike da gari da ƙananan tsutsotsi.

Murmushin Lyall ya tafi. "Fosam ne baƙi ƙirin, irin wanda kike nema. Wajen gada na tsince shi. Ni na feɗe da hannuna."

"Ka sa a firiza?"

"Na shanya a rumfa. Da wannan sanyin na ɗauka..."

"Sannan ka kawo shi ɗaki ka hura masa wuta kullum."

"Bututun ruwa fa kika ce."

"Na ce. Sannu da kiwo, tsoho. Sun yi ƙiba."

Da ya fita ta zauna a bakin gado, akwatin a buɗe a gabanta. Ta lura da inda idonta ya tsaya: bangon nan ne, daidai wurin da fenti ya tsage. Ta san wurin sarai. Ta tashi, ta ja akwatin waje da ƙafa da hannu ɗaya, ta juye shi a cikin tsohuwar ganga, ta cinna wuta. Warin ƙonannen gashi ya kai har rumfar Lyall, bai leƙo ba.

Washegari da rana ta ɗan ɗaga ta sa takalman roba ta bi shingen gonar da ke bayan ƙauyen. A kan waya mai ƙaya tumaki kan bar gashinsu, ta dinga tsinka da yatsun da suka ƙi lanƙwasa, da gangan, har hawaye ya zo mata. Ta roƙi matar mai shago gashin kajinta masu ja. Ta taje karen Lyall ba tare da ta gaishe da mai karen ba. Ranar da ƙanƙara ta rufe hanya ta bi gefen titi da sanda, ta dawo da jelar walabi a leda. Komai firiza yake shiga. Da firizar ta cika sai ta kwashe naman rago da kabewa da burodi ta kai wa Lyall.

"Ajiye min. Kuma tunda abincina yana wurinka, kai za ka dinga dafawa."

"Hukuncin ke nan?"

"Somin-taɓi ne."

Ƙwarin farko da ta ɗaura ko kifin da yunwa ta haukata ba zai kalle su ba. Zare ya yi ta tsinkewa, ƙugiya ta yi ta shiga babban yatsanta. Takan warware ta sake. Hannun ya fara sakewa a hankali, amma abu ɗaya ya gagara. Ƙwaron da ta fi yarda da shi yana bukatar jela mai tauri, mai ruwan toka, wadda ke tsayar da shi a kan ruwa, kuma abin da take yin ta da shi yana cikin tokar ganga. Gashin tumaki ya yi laushi, na kare yana shan ruwa.

Wata rana da tsakar rana Lyall ya kawo miyar kabewa, ya sunkuya zai ajiye tukunya, hasken taga ya faɗa a kan gemunsa. Noelene ta ajiye zare ta ƙura masa ido.

"Me kuma na yi?"

"Zauna."

"Noels, ajiye almakashin nan."

"Kai ka ciyar da asu gadon gwaggona. Zauna, ba duka zan ɗiba ba."

"Tun ina tuƙin motar katako nake tare da shi. Ko matata ba ta taɓa shi ba."

"Shi ya sa ta tafi."

Ya zauna, ya rufe ido kamar mai jiran allura. Ta yanki abin da ya kai kaurin yatsa daga gefen hagu, ta murza a hannu. Da tauri, da santsi, launin daidai. Ta zuba a leda ta nufi firiza.

"Shi ma?" in ji Lyall.

"Shi ma. Wa ya san abin da ke zaune a ciki."

Kerryn ta hawo ranar Asabar a tsakiyar Yuli, bayan motarta cike da kwalaye marasa komai, na kwashe kayan uwarta. Ta sumbaci uwarta, ta dubi murhu, ta dubi gado, sannan ta buɗe firiza kamar yadda takan yi. Ta daɗe a tsaye.

"Mama, ina abinci?"

"Yana gidan Lyall."

"Wannan fa?"

"Jelar walabi."

"Wannan?"

"Gemun Lyall."

Kerryn ta rufe firizar a hankali, ta juyo da irin fuskar da take yi wa tsofaffin da suka manta maganinsu. Noelene ta ga haka, ta san bayani ba zai yi ba. Ta ja kujera zuwa taga, ta matse ƙugiya a bakin ƙarfen da ke riƙe ta, ta ɗauko sauran gemun da ya riga ya gama kwanansa a firiza.

"Tsaya nan ki gani."

Kerryn ta matso, Noelene ta ɗauki zare. Ta ɗora jelar, ta fara naɗi, zaren ya tsinke. Kerryn ta buɗe baki.

"Ban gama ba," in ji Noelene.

Ta warware, ta sake kama zaren. Wannan karon ya zauna. Ta murza gashin walabi ya zama jiki, ta kewaya gashin kaza a wuya. Saura ɗigon ja a kai. Ta dubi teburin, babu, sai ta miƙa hannu ta zare sili ɗaya daga jan mayafin ulun da ke wuyan 'yarta.

"Mama, sabo ne."

"Ba zai ji ba."

Ta ƙulla, ta yanke, ta ɗora ƙwaron a cikin kofin ruwa. Ya tsaya a sama, jelarsa a miƙe. Kerryn ta sunkuya tana kallonsa, sannan ta kama hannun uwarta ta juya shi, ta ga ramukan ƙugiya a babban yatsa, tsofaffi da sababbi.

"Kullum kike wannan?"

"In na dawo daga yawo. Akwati guda zan cika kafin Agusta, kuma ko rabi ban yi ba. Ba ni da lokacin Hobart."

Sun ci abincin rana a gidan Lyall, wanda ya zauna yana juya wa Kerryn gefen dama na fuskarsa. Kerryn ta ce za ta aiko da ƙaramar firiza, ta abinci kaɗai, kuma duk Lahadi za ta kira, a kuma ɗauka. Kwalayen ta sauke su a bakin murhu, ta ce a hura wuta da su.

Noelene ta koma kujerarta tun ƙarar motar ba ta ɓace ba. Tana cikin naɗa ƙwaro na biyu waya ta yi ƙara.

"Mama, ina wajen gada. Akwai fosam a gefen titi, baƙi sosai. Da alama na yau ne."

"Jelar lafiya?"

"Ban taɓa ba. Ba kuma zan taɓa ba."

"Akwai leda a aljihun ƙofar motarki, ni na sa. Juyo da shi."

Ta ajiye wayar, ta tashi ta buɗe firiza, ta matsar da gemun Lyall gefe don a sami wuri.