Asabar ɗin da Nasiru ya sa mana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin gosulo a hanyar ofis da safen nan aka kira ni wai Nasiru ya rasu. Nasirun ofis ɗinmu, ɗan Roni. Zazzaɓi ne kawai fa, ya je gida jinya.



Jibi Asabar ce ranar da ya sa mana. Duk shekara in kaka ta yi sai ya kwashe mu daga hayaniyar Kano ya kai mu gonarsu, mu yini a gindin wata tsamiya a bayan duwatsu. Bana har ya sa an ɗaure ɗan akuya. Tun a mota, a hanyarmu ta zuwa jana'iza, 'yan ofis ke tambayata, "To, Asabar fa?"

Ba na mantawa da zuwanmu na farko. Yunwa na cin mu, ya ce ba mai shimfiɗa tabarma sai mun je mun gaida mai gari da mutanen ruga. Muka bi shi muna ƙunƙuni.

Da muka dawo muka fito da abinci, kowa da 'yar robarsa, daidai yawan kanmu. Ya dube mu ya kwashe da dariya.

"Kai, 'yan birni! In wani ya gitta fa? A hammata za ku ɓoye?"

Ya juye duka a babban faranti ɗaya. Kafin la'asar mun ci da makiyaya, da wani mai keke, da wani tsoho da ya fito neman jakinsa. Can sai ga ƙwaryar fura da nono daga ruga, ba wanda ya roƙa. Ni da ba na barci a gida sai da magani, ranar na yi ta minshari a tabarma har suka ɗauke ni bidiyo.

Ganinmu na ƙarshe a bakin ofis ne, yana jiran adaidaita, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Bana ka zo da iyali. Kuma in na ga kwamfuta a hannunka, a rijiya za ta kwana."

Na ce masa ya fara warkewa tukuna, sarkin surutu.

Ɗazu bayan mun dawo daga maƙabarta na shiga gaida Inna, mahaifiyarsa. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, na ce, "Inna, zancen Asabar mun fasa."

Ta ɗago ta dube ni.

"Wa ya fasa? Ya gaya wa mai gari, ya gaya wa mutanen ruga. So kuke ɗana ya tafi da alkawari a wuyansa? Ku zo ku yanka ɗan akuyar, ku kira duk wanda ya gitta. Sadakar ukunsa ke nan."

Nan kukan da nake ta dannewa ya ƙwace mini.

Za mu je, Inna. Ban san yadda za mu zauna a gindin tsamiyar nan babu shi ba, amma za mu je.

Allah ya jiƙan Nasiru, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa, ya ba Inna da iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. In kuma kana kusa da Roni ranar Asabar, bismillah.