Ranar da Na Kai Takalman Auta Wurin Mai Washin Wuƙa

Ni na ɓata wa Auta ranarsa. Da wannan na fara, don kada wani ya karanta ya ce laifin koci ne ko na Larabawa. Ƙaddara gaskiya ce, amma ta hannuna ta biyo.

A Riyad na haife shi, muna zaune a Shumaisi, hawa na biyu, can bayan asibiti. Babansa direba ne a wani kamfani, kuma iƙamarmu duka, wato takardar izinin zamanmu, da aikinsa take rataye. Ranar da aikin ya ƙare, zamanmu ya ƙare. Yayyensa mata duk sun yi aure a Gusau, shi kaɗai ya rage a gabanmu. Larabci ya fi zama a bakinsa. In na balbale shi da faɗa da Hausa, sai ya ce, "Tayyib, Yumma," wato "To, Mama," ya ci gaba da abin da yake yi.

Yana da shekara tara muka shiga wani babban mol, katafaren gidan shaguna, shan sanyi, don zafin ranar ya fi ƙarfin na'urar gidanmu. A tsakiyar mol ɗin akwai fili na ƙanƙara. Muka tarar da wasu ƙatti sanye da kwalkwali da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa suna sulɓi a kai, kowa da sanda mai lanƙwasa, suna bin wata baƙar roba mai faɗi kamar murfin gwangwani, suna neman jefa ta a raga. Hokin ƙanƙara ke nan. Auta ya manna goshi a gilashi, sai da na ja shi da ƙarfi muka tafi.

Babansa dariya ya yi da ya ji.

"Hajiya, ɗan Gusau da ƙanƙara? In mun koma gida a firij zai riƙa wasan?"

"In ta kama, a firij ɗin zai yi," na ce. "Kai dai ka kai shi ranar Juma'a."

Ya kai shi. Ba ya son hayaniyata.

Shekarun farko faɗuwa ce kawai. Gwiwa a kumbure, haɓa a fashe, ni ce mai gasa masa jiki da ruwan zafi. Yana sha uku kocinsu, wani Bature mai furfura, ya mayar da shi ɗan gaba, cikin masu kai hari. Yana da gudu, amma kansa kullum a ƙasa, bai ganin abokan wasansa. Shekara guda koci yana yi masa ihu ya ɗaga kai. Da ya ɗaga, sai ya zama wani abu daban. Abin da ya fi kowa da shi tsayawa ce. Zai taho a guje kamar zai fasa bango, sai ya karkace ya tsaya cak, ƙanƙara ta yi feshi, mai tsaronsa ya wuce fuu, shi kuma ya buga. Yana sha bakwai ya shiga cikin manya, Turawan da ke aiki a kamfanoni da 'yan ƙasa masu gemu. Yana sha takwas ƙungiyar ta ba shi takarda ya sa hannu.

Ni na karanta takardar nan da kaina, layi bayan layi. Na haura arba'in kafin na zauna a aji, wurin matan ɗaliban jami'a da ke koyar da mu a falonsu a unguwar Shifa. Tun da na iya karatu na ɗauki wani hali: na daina tambayar kowa komai. Na gaji da shekarun da sai an karanta mini ko takardar magani.

Matsalar Auta a bayyane take. Ba ɗan ƙasa ba ne, ba zai taɓa sa rigar ƙasar da aka haife shi ba. Ƙasar da ke kan fasfonsa kuma ban san inda za a samu filin ƙanƙara a cikinta ba. Ƙofa ɗaya ce, waje. Yana sha tara kamfani ya gaya wa babansa ba za su sabunta masa ba in shekara ta ƙare. A watan ne kuma koci ya ce wani abokinsa mai nemo wa wata ƙungiyar Turai 'yan wasa zai ratsa ta Riyad, zai zo ya kalli Auta da safe sau ɗaya, ya wuce.

Ana saura kwana uku na ji shi a waya yana ƙorafi. Ƙarfen da ke ƙasan takalmansa ya dakushe, mutumin da ke da injin gyarawa a filin kuma ya tafi hutun Sallah. Ya ce wa abokinsa, "Ma'alesh, haka zan yi da su."

Raina ya ɓaci. Ɗana zai tsaya gaban baƙo da dakusasshen ƙarfe, ina raye?

Lokacin Layya ta gabato, kuma kowace shekara nakan kwashi wuƙaƙena in kai wa wani dattijo Bahaushe a Jaradiya, mai washi a wani ɗan lungu kusa da mahauta. Washegari Auta ya fita gudu, na buɗe jakarsa na ɗauki takalman na haɗa da wuƙaƙen.

Dattijon ya jujjuya takalmi ɗaya a hannu.

"Hajiya, wannan kuma me ake yankawa da shi?"

"Ƙanƙara."

"La ilaha. Su masu ƙanƙarar ba su da mai yi musu?"

"Ya yi tafiya. Baba, ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba?"

"Ƙarfe ne, amma wallahi bakinsa ba irin na wuƙa ba ne. Dubi nan. Ki bari yaron ya zo da kansa."

Ban duba ba. Na ce, "Shekara nawa kana wasa mini wuƙa, yau ɗan ƙarfen takalmi ya gagare ka? In tsufa ne ka faɗa, in nemi wani."

Ya kalle ni, ya kunna injinsa. Ya kwantar da ƙarfen ta wannan gefe, ya kwantar ta wancan, har bakin ya yi tsini yana walƙiya. Ya gwada a gashin hannunsa, ya aske. Na dawo gida ina jin daɗi, na mayar da rigunan da ake rufe ƙarfen da su, na sa takalman a jaka yadda na same su. Ban gaya masa ba. So nake ya ji bambanci a ƙafarsa, sannan in ce ni ce.

Ranar zuwan baƙon, babansa yana wurin aiki, tasi muka hau. Na sa rigar sanyi a ƙarƙashin abaya na zauna a bencin 'yan kallo. Mol ɗin bai buɗe ba tukuna, shagunan duk a rufe. Baƙon yana tsaye kusa da koci, wani siriri da ɗan littafi a hannu. 'Yan wasa suka fito ɗaya bayan ɗaya. Babu Auta. Koci ya duba agogo, ya shiga ciki, ya daɗe.

Da Auta ya fito, ba takalmansa ba ne a ƙafarsa. Na wani abokin wasansu ne da bai zo ba, sun yi masa yawa, ya cusa safa biyu. Bai kalli inda nake ba.

Ya yi gudu, ban ce bai yi ba. Amma karon farko da ya zo zai yi tsayawar nan tasa, ƙafar ta yi masa rawa a cikin takalmin, ya zame ya daki bango da kafaɗa. Ya tashi. Ya sake gwadawa, ya sake faɗuwa. Daga nan ya daina gwadawa, ya koma bin mutane a baya, kansa a ƙasa kamar yana sha uku. Ko sau ɗaya bai buga raga ba. Baƙon ya rubuta abu kaɗan, sannan ya sa littafin a aljihu ya shiga danna waya.

A tasi muna komawa ya ciro takalmi ɗaya ya ɗora a cinyata.

"Yumma, ke ce?"

"Ni ce. Cewa ka yi sun dakushe."

Ya ɗauki ɗayan na aro, da bai mayar ba tukuna, ya kama yatsana ya bi da shi ƙasan ƙarfen. Ashe ba tsini ba ne. Kwari ne ɗan siriri a tsakiya, da baki biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Da su ake juyawa, da su ake tsayawa. Abin da dattijon ya ce in duba ke nan. Shekara goma ina wanke safar yaron nan, ina shanya kayansa, ban taɓa kifa takalmin na kalli ƙasansa ba.

"Ba za su gyaru ba?"

"Halas. Sai an yi odar wasu daga waje."

Na so ya yi mini ihu. Da ya yi, da na rama, da mun huce. Sai ya juya yana kallon titi har muka isa.

Da yamma babansa ya dawo ya tambaya. Auta ya ce, "Ban yi kyau ba, Baba." Babansa ya fara cewa ai dama ya faɗa, wasa wasa ne. Na ce, "Malam, dakata. Yaron nan bai gaza ba. Ni na kai takalmansa wurin mai washin wuƙa, mutumin ya hana ni, na zage shi." Ranar ce kaɗai a zamanmu na ba shi damar ya yi mini faɗa, bai ɗauka ba.

Koci ya yi wa baƙon bayani. Baƙon ya ce ya gane, amma ba zai iya kai wa mutanensa abin da bai gani da idonsa ba. A turo masa bidiyo, wataƙila ya sake ratsowa baɗi.

Mu kuwa ba mu da baɗi. Da aka buga mana takardar fita, koci ya nemo wa Auta hanya ɗaya: masu filin su karɓi kafalarsa, wato izinin zamansa ya koma hannunsu, a matsayin ma'aikaci. Zai riƙa tuƙa motar da ke share ƙanƙara tana sulɓe ta, ya yi atisaye da safe kafin a buɗe. Babansa ya ce ya biyo mu gida ya shiga makaranta. Auta ya ce zai zauna. Suka juyo suna kallona, don a gidan nan ni ke yanke magana. Na ce ba ni da bakin magana a wannan. Ya zauna.

Shekara biyu ke nan muna Gusau. Yana kwana a ɗaki ɗaya da ma'aikata huɗu. Bidiyo uku ya tura wa baƙon nan. Koci ya taɓa gaya mini cewa a wasan nan ɗan sha tara ake nema a koya masa, ɗan ashirin da biyu kuwa sai wanda ya riga ya gama koyo, kuma Auta watanni suka rage masa. Kowace Juma'a bayan masallaci yakan kira ni. Mukan yi maganar zafi, da ciwon ƙafar babansa, da ko yana cin abinci. Nakan yi niyyar ba zan tambaya ba, sai in ji bakina ya tambaya.

"Mutumin ya amsa?"

"Tukuna, Yumma."