Dashen Rani a Kwandiko

Ranakun aiki da yawa sun ɓace mini yanzu, amma ban taɓa mantawa da ranar da yaran Kwandiko suka dawo mini da busassun itatuwansu ba. Tunda kun ce in ba ku labari kafin in kwashe kayana daga ofishin nan, to shi zan ba ku. Ku yi haƙuri da ni idan na ja shi.

A lokacin ni ƙaramin malamin gona ne a Birnin Kudu, muna ƙarƙashin Kano. Shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ke nan, kowa ya ba gona baya. Leburorinmu suka dinga zamewa birni, wasu aikin gini, wasu aikin hanya. Wanda ya tsaya a gona kallon marar wayo ake yi masa. Ni aikina kula da gandun dashe, wato inda ake rainon ƙananan itatuwa a cikin gwangwanaye har su yi ƙwari, sannan a raba wa manoma idan damina ta zauna. Muna da mangwaro da gwaiba da lemo da darbejiya. Akwai rijiya a tsakiyar gandun, ita ce ran wurin.

A sama da ni akwai jami'in gona na yanki, Alhaji Garba, shi kuma a sama da shi sai hedikwata. Tsarin shi ne, duk abin da yake na gwamnati, ko da tsinke ne, ba ya fita kyauta sai hedikwata ta ba da izini a rubuce. Amsar hedikwata kuwa takan yi watanni a hanya.

Wata safiya bayan an gama kaka Alhaji Garba ya aika aka kira ni.

Ya ce, "Malam Sule, zauna. Takarda ta zo. Filin gandunka za a gina gidajen ma'aikata a kai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, dashen fa?"

"Ba su ce komai a kan dashe ba."

"Yanzu rani ya shigo. Babu manomin da zai karɓi dashe sai ruwa ya sauka."

Ya cire tabarau ya murza idanunsa. Ya ce, "Na sani. Makarantar da ka yi ni ma ita na yi."

Muka yi ta juya maganar. Babu wani fili mai rijiya da za a mayar da su. Babu mai saye. Sai na ce to a ba yaran makaranta, kowa ya je ya raini nasa. Lokacin an buɗe makarantun firamare ko'ina, an cika su da yara, yawancinsu ko inuwar da ɗan akuya zai fake babu.

Alhaji ya ce, "Zan rubuta in nemi izini, amma katafila za ta riga amsa zuwa. Idan ka raba, tambaya ta zo daga baya, kai za ka amsa ta."

Na ce na yarda.

Ba don ina da tabbacin za su rayu na yarda ba. Duk wanda ya san dashe ya san ba a kafa shi a rani sai inda ruwa yake wadace. Amma na yi shekaru ina jan guga a kansu, zuciyata ba ta iya kallon a bi ta kansu da ƙarfe ba.

Kaɗan na ba makarantun cikin gari. Mafi yawa na kai Kwandiko ta ƙasar Gwaram, saboda hedimastan can, Malam Isiyaku, ya daɗe yana roƙona itatuwa. Wani direban tifa da ke kawo wa magina yashi yakan koma ta wajen Kwandiko babu kaya, shi ya taimaka ya kwashe mana su.

Ranar rabo yaran suka yi layi a filin makaranta, fili fetal, rana tana dukan kowa. Na nuna musu yadda ake yi: a haƙa rami ya kai gwiwa, a cuɗa ƙasa da taki, a zare dashen daga gwangwani kada ƙasar jikinsa ta warwatse, a kewaye da ƙaya saboda awaki, a ba shi ruwa da safe. Muka kafa darbejiya a makaranta, itatuwa masu 'ya'ya kuma kowane yaro ya ɗauki ɗaya ya kai gida.

Akwai wata 'yar ƙaramar yarinya, Rakiya, 'yar aji ɗaya. Da na miƙa mata mangwaro ta rungume gwangwanin da hannu biyu, ta ƙi matsawa.

Ta ce, "Malam, nawa ne ni kaɗai?"

Na ce, "Naki ne."

"Ko yayana ya ce in ba shi?"

"Ki ce masa malamin gona ya ce naki ne."

Ta tafi tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da nono.

Daga nan wahala ta fara. Kwandiko ba kusa ba ce, kuma zuwa can ba ya cikin aikin da aka ba ni. Duk sanda na sami sarari sai in hau babur in bi yashi in je in zaga gida-gida. In dawo bayana kamar an dake shi. Da farko abin gwanin sha'awa, ganye ya miƙe, yara suna jan hannuna kowa yana so in ga nasa. Da rani ya yi nisa sai rijiyoyi suka fara ja da baya. Mata sukan yi sammako su je nesa, su daɗe a layi kafin su cika tulu.

Wani zuwa da na yi, ina jingine babur a ƙofar makaranta, wata tsohuwa ta tare ni. Inna Talatu ce, kakar Rakiya, ita take riƙonta.

Ta ce, "Kai ne malamin itace?"

Na durƙusa na gaishe ta, na ce ni ne.

Ta ce, "Ɗan nan, ba faɗa na zo yi ba, tambaya na zo yi. Yarinyar nan takan bi mata rijiya da ɗan tulunta. Kafin ta shigo ɗaki ta zuba wa sandar nan rabi. Jiya na kama ta ta ɗauki ƙoƙon da na ba ta ta sha, ta kai masa. To ka gaya mini, mu za mu sha ko itacenka?"

Na ce, "Ku za ku sha, Inna."

Ta ce, "To je ka gaya mata da bakinka. Ni ba ta jin tawa a kan wannan."

Ranar na sa Malam Isiyaku ya tara yaran. Na ce daga yau kada wanda ya sake ba dashe ruwan sha, sai na wanke-wanke ko wanda aka yi alwala da shi. Ina faɗa ina sane cewa ba zai ishe su ba, don gidan da ake auna ruwan sha da ƙoƙo, me zai ragu na wanke-wanke? Hukuncin kisa na yanke wa dashen, yaran ne kawai ba su gane ba.

Cikin bazara, zafi ya kai maƙura, na koma. Tun daga nesa na hango yara a jere a jikin bangon aji, kowa da abu a hannu. Da na matso sai na ga itatuwan ne. Sun tono su, busassu ƙayau, sun mayar da su cikin gwangwanayen da na ba su.

Na ce, "Malam Isiyaku, mene ne wannan?"

Ya ce, "Wallahi na hana, sun ƙi. Wasu iyayen sun ce kayan gwamnati ne, gara a mayar kada a kai ƙararsu. Wasu yaran kuma sun ce kai malami ne, kana da magani."

Rakiya ce ta fara fitowa. Ta miƙo mini nata ta ce, "Malam, ka ba shi magani."

Na karɓa na kankare ɓawon da farce, yadda muke yi mu ga ko akwai sauran kore a ciki. Babu. Na kankare ƙasa kusa da saiwa. Babu.

Na ce, "Rakiya, ya mutu."

Ta ce, "Ai na ba shi ruwana."

Na zauna a kan dakalin aji da gwangwanin a hannu. Da ƙyar na tashi na ce musu babu wanda ya yi laifi, babu wanda za a kai ƙara, lokaci ne bai dace ba. Suka tsaya suna kallona, suna jira in fito da wasu. Ni kuwa ba ni da ko ɗaya. Gandun ya zama tulin bulo, an ma rufe rijiyar.

A hanyar dawowa na yi niyyar ba zan sake zuwa garin ba. Na gaji, kuma kunya ta ishe ni. Amma da na shigo Birnin Kudu na bi ta tsohon gandun, sai na ga babbar bishiyar mangwaron da muke samun iri daga gare ta tana nan a gefe. Magina sun bar ta saboda a inuwarta suke cin abinci. Ta yi 'ya'ya har rassa sun sunkuya. Na je na roƙi shugaban maginan, ya ce in ɗiba iya ƙarfina.

Kashegari na ɗaure kwandunan mangwaro a bayan babur na koma. Na faɗi a yashi a hanya, 'ya'yan suka zube, na tsince su na ci gaba.

Na ce wa yaran, "Yau ba dashe na kawo ba. Kowa ya ɗauka ya sha, amma kada wanda ya yar da ƙwallon."

Wasunsu ba su taɓa samun mangwaro guda nasu su kaɗai ba. Suka sha har gwiwar hannu. Sannan na nuna musu sauran aikin. A wanke ƙwallon, a ɗan shanya shi a inuwa, a fasa ɓawon a hankali kada a ji wa ƙwayar ciwo. A zubar da busasshen itacen, a cika gwangwanin da ƙasa da yashi da taki, a binne ƙwayar ba da zurfi ba. Ƙwallon mangwaro ba ya jira, idan ya daɗe ba ya tsira, shi ya sa muka yi a take. Muka je wurin liman, ya yarda muka jera gwangwanayen a gefen masallaci inda ake alwala, muka yi musu rumfar kara. Ruwan da ke zuba a wurin ya ishe su, babu wanda aka taɓa wa tulu.

Da na sake zuwa sun fara ɓullo da jajayen ganye. Na tarar da Inna Talatu a wurin, tana gyara ƙayar da aka kewaye su da ita saboda kaji.

Ta ce, "Malamin itace, wannan dai na yarda da shi, ba ya cin rabon kowa. Ga na Rakiya can, mai zare a wuya."

Da ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙu muka kafa su a gidaje. Ba duka suka kama ba. Awaki sun ci wasu, gara ta ci wasu. Na Rakiya dai na bar shi da rai.

A cikin daminar nan amsar hedikwata ta zo. Ba izini ba ne, takardar tuhuma ce, wato ana so in bayyana a rubuce inda na kai kayan gwamnati. Na rubuta abin da ya faru. Aka sa mini gargaɗi a fayil, ƙarin girmana ya tsaya, aka kuma yi mini canjin wurin aiki zuwa wani yanki mai nisa. Da na je sallama Alhaji Garba ya ce, "Na dai gaya maka." Na ce, "Kun gaya mini, ranka ya daɗe." Ya raka ni har bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Ban sake komawa Kwandiko ba, ban san nawa ne suka girma ba.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, za a riƙa tura ku rabon dashe, a tara yara, a yi tafi. Wannan yini ɗaya ne, kowa zai iya. Aikin yana ranar da abin da ka bayar ya mutu a hannun wanda ya yarda da kai. Mutanen karkara ba sa riƙe mutum don shuka ta mutu, sun saba da mutuwar shuka fiye da mu. Abin da suke riƙewa shi ne ka bayar ka ɓace. Babu wanda zai biya ku kuɗin wannan komawar, wataƙila ma a tuhume ku a kanta. Ku dai koma. Kuma kada ku je hannu wofi, ko da ƙwallon mangwaro ne ku riƙe.